KAZA A KAN DAMI: KA DAINA SAUKE SABAR GABA ƊAYA DON NEMAN LAYI ƊAYA

Yau kam ba da lallashi na zo ba, faɗa na zo mu yi. Wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri, amma sai na faɗa.

Makon jiya wani ƙanina ya kira ni daga yankin Kibiya, murya duk a dagule. Shi ke kula da shafin intanet na wata 'yar makaranta mai zaman kanta. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya gina musu shafin, ya gama hidimarsa ya koma garinsu, lambarsa ma ta daina shiga. Makarantar ta canza asusun banki, ƙanin nawa ya gyara lambar asusun a wurare biyun da ya sani, ya ɗauka an gama. Ashe tsohuwar lambar tana nan lafe a wasu shafukan, wasu iyaye suna ta tura kuɗin makaranta can. Mai makarantar ya ce masa ko dai ya gyara kafin Litinin, ko ya ajiye aikin.

To ka san me ya yi? Ya shiga File Manager na cPanel a wayarsa, ya riƙa buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya yana karantawa da ido. Da ido ya gaji, sai ya dunƙule foldar gaba ɗaya ya fara saukewa. Sabis ya yanke. Ya sake. Ya kuma yankewa. Data ta ƙare. Washegari ya hau babur zuwa Rano, ya wuni a kafe yana biyan kuɗin awa, bai gano komai ba. Daga ƙarshe, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai, ya kwashi sunan shiga da kalmar sirrin sabar ya tura wa wani "injiniya" da suka haɗu a guruf na WhatsApp, mutumin da bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Sai bayan duk wannan ya tuna da ni. Na ce masa abu na farko, canza kalmar sirrin nan yanzu-yanzu. Na biyu, koma cPanel ɗin, ka nemi wani ɗan baƙin akwati da aka rubuta Terminal a ƙasansa, ka danna, ka rubuta wannan:

grep -rn "0123456789" public_html

Wato ya sa tsohuwar lambar asusun a inda na sa waɗannan lambobi. Kafin ya gyara zama, layi uku sun fito, kowanne da sunan fayil da lambar layin da tsohuwar lambar take. Kwana biyu na wahala, kuɗin mai, kuɗin data, kuɗin kafe, ga sirrin makaranta a hannun baƙo, alhali maganin yana cikin sabar tun ranar da aka kunna ta. Rashin sani dai, kaza ta kwana a kan dami.

Kada ka yi masa dariya. Kai ma da ka karanta wannan, in za ka faɗi gaskiya, haka za ka yi.

LAIFIN WA?

Ni dai ban ɗora wa yaron laifi duka ba. Laifin namu ne, mu masu koyar da harkar waya da kwamfuta da Hausa. Mun saba wa mutane da cewa kowace matsala maganinta "sauke wannan manhajar". Waya ta yi nauyi, sauke manhaja. Fayil ya ɓata, sauke manhaja. Wasu ma kuɗi suke karɓa su koya maka inda za ka danna, ba tare da sun taɓa gaya maka abin da ke faruwa a ƙarƙashi ba, don gobe ka sake dawowa. Muka tsorata mutane da baƙin allo, muka bar su suna ganin kamar wurin 'yan dandatsa ne kawai, irin na finafinai. Ƙarya ce. Baƙin allon nan wurin ba da umarni ne kawai, kamar yadda kake tura saƙon tes: ka rubuta, ka tura, a ba ka amsa.

Shi wannan grep ɗin ba sabon abu ba ne. Ken Thompson ne ya rubuta shi a Bell Labs da ke Amurka, ya fito a cikin Unix a 1973. Ka lissafa, ya haura shekara 50 yana aiki. Sunan ma daga wani umarni ne na tsohuwar manhajar rubutu mai suna ed, wato g/re/p, ma'anarsa a taƙaice: bi kowane layi, duk wanda ya dace da abin da na ce, fito min da shi. Yau yana cikin kowace sabar Linux, yana cikin kwamfutocin Mac. Ba a sayensa, ba a yi masa rajista, ba ya nuna maka talla, ba ya neman izinin shiga hotunanka.

DALILI UKU DA SUKA SA NAKE WANNAN FAƊAN

Na farko, kuɗi. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Kowa ya ji a aljihunsa. In ka sauke folda mai gigabait 2 don neman lambar waya ɗaya, ka biya kuɗin gigabait 2. In ka bar sabar ta yi binciken da kanta, abin da zai biyo sabis ya zo wayarka layukan amsa ne kawai, ba su kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba. Wa ke kwaso rumbu gaba ɗaya ya kawo tsakar gida don yana neman zangarniya ɗaya?

Na biyu, sabis. Wanda ke zaune a Zoo Road ko Farm Centre ba zai gane wannan sosai ba. Amma kai da ke Tarai ko Fammar ko Durba, ka san yadda ake ɗaga waya sama ana neman sanda ɗaya. A irin wannan sabis ɗin, saukar da babban fayil azaba ce. Umarni kuwa rubutu ne tsura, ko sabis ya ja jiki yana wucewa. Wato mu mutanen karkara mun fi 'yan birni buƙatar baƙin allon nan, amma mu ne muka fi gudunsa.

Na uku, amana. A cikin sabar makaranta ko ƙungiyar manoma ko ƙaramin asibiti akwai sunayen mutane, lambobin wayarsu, wani lokaci har da lambar NIN. Duk ranar da ka sauke su a kwamfutar kafe, ka bar kwafi a can. Duk ranar da ka loda su a wani shafi na "bincike kyauta", ko ka tura wa manhajar ƙirƙirarriyar basira don ta duba maka, ko ka ba wani kalmar sirri, ka fitar da sirrin mutane ba da saninsu ba. Tun watan Yunin 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan jama'a, akwai kuma hukumar NDPC da ke kula da ita. Ko babu doka ma, ai amana ce aka ba ka.

"TO AI NI BA NI DA KWAMFUTA"

Na san za a ce haka. Ƙanin nawa ma ba shi da ita, da waya ya yi.

Hanya biyu ce. Ta farko, in kamfanin da kuka kama hayar sabar a wurinsa ya buɗe muku Terminal a cikin cPanel, daga burauzar wayarka za ka shiga, babu abin da za ka sauke. Ta biyu, manhajar Termux a Android. E, na sani, yanzu na gama zagin sauke manhaja. Bambancin shi ne Termux ba ta yin binciken da kanta, ƙofa ce kawai take buɗe maka zuwa kayan aikin Linux na ainihi. Ka sauke ta daga F-Droid ko shafinsu na GitHub, kada ka karɓi wadda ake yawo da ita a guruf-guruf. In ka buɗe, rubuta:

pkg install openssh

Sannan:

ssh sunanka@adireshin-sabar

Sunan shiga da adireshin da lambar ƙofa, wadda ake sawa bayan -p, duk kamfanin hayar ne zai ba ka. Lokacin da kake rubuta kalmar sirri ba za ka ga komai yana fitowa a allo ba. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka tsara shi don kada na kusa da kai ya leƙa. Masu iPhone kuma akwai irin su Termius.

In kamfanin ya ce sam ba ya ba da Terminal ko SSH, to wannan matsala ce ta gaske, ban musa ba. Amma ka rubuta musu ka nema, da yawa sukan buɗe in an tambaya. Kuma nan gaba kafin ka biya kuɗin shekara, wannan ce tambayar farko da za ka yi.

"BA NA JIN TURANCI SOSAI"

Haba malam. Kai da ka haddace lambobin duba data na layi uku, da lambobin tura kuɗi na banki biyu? Haruffa kaɗan ne fa. Ga su:

-r : shiga cikin folda da duk foldojin da ke cikinta
-n : nuna lambar layi
-i : kada ka bambanta babban baƙi da ƙarami
-l : sunan fayil kawai nake so, ba layin ba
-c : ƙirga min layi nawa ne
-w : kalmar ita kaɗai, ba wadda take cikin wata kalma ba
-v : juya abin, ba ni layukan da babu kalmar

Shi ke nan. Ana kuma haɗa su. Misali kana da jerin sunayen 'yan ƙungiyarku a fayil ɗin CSV, kana son na Kahu kawai:

grep -in "kahu" mambobi.csv

Kana son sanin su nawa ne:

grep -ic "kahu" mambobi.csv

Me ya sa -w ke da amfani? Nemi "Ali" da -i ka gani, zai kwaso maka Aliyu da Halima da Salisu duka, don dukkansu akwai a-l-i a ciki. Sa -w, sai ya tsaya kan Ali kawai.

Ga kuma inda grep ya fi idonka, ya fi akwatin bincike na yawancin manhajoji. Ka san matsalarmu da rubuta suna. Mutum ɗaya, a takardar firamare Muhammad, a ta banki Mohammed, a ta ƙungiya Muhammadu. Umarni ɗaya ya kamo su duka:

grep -iE "m[ou]hamm?[ae]d" mambobi.csv

Abin da ke cikin bakan nan mai kusurwa yana nufin ko wannan harafi ko wancan. Alamar tambaya tana nufin harafin da ke gabanta ko yana nan ko babu, duk ɗaya. Haka ma haruffanmu masu lanƙwasa. Wani ya rubuta Ɗanladi, wani ya rubuta Danladi, a wurin kwamfuta mutum biyu ne daban. Sai ka ce:

grep -E "Danladi|Ɗanladi" mambobi.csv

Sandar nan ta tsaye tana nufin "ko". Gaya min manhajar talla ɗaya da ta damu da ɗ ɗinka da ƙ ɗinka.

"INA TSORON KADA NA LALATA WANI ABU"

Wannan tsoron yana da tushe, ba zan raina shi ba. A baƙin allo akwai umarnin da ke gogewa ba tare da ya tambaye ka ba, kuma babu kwandon shara da za ka je ka dawo da abu. Amma ka riƙe wannan: grep karatu kawai yake yi. Ba ya gogewa, ba ya canzawa. Waɗanda za ka yi taka-tsantsan da su su ne rm mai gogewa, da sed -i mai canza rubutu a cikin fayil, da alamar > wadda ke shafe abin da ke cikin fayil ta zuba sabo. In wani ya turo maka umarni mai ɗauke da ɗayansu, kada ka manna sai ka fahimci kowane harafi.

Ka kuma kwatanta. Wanne ya fi haɗari, umarnin da karatu kawai yake yi, ko buɗe fayil ɗari a File Manager da babban yatsa a kan ƙaramin allo, inda kuskuren taɓawa ɗaya zai goge alama ɗaya shafin ya mutu? Wanne ya fi haɗari, grep ko miƙa makullin gida ga wanda ba ka sani ba?

In umarni ya daɗe yana ta zuba rubutu, danna CTRL da C ya tsaya. A Termux akwai CTRL a layin maɓallan da ke saman allon rubutu, ko ka riƙe maɓallin rage sauti ka danna C.

"AI FILE MANAGER MA YANA DA WURIN BINCIKE"

Yana da shi, amma sunan fayil yake nema, ba abin da ke cikin fayil ba. Bambancin ke nan da ya cinye wa ƙanina kwana biyu. Kamar ka je ɗakin ajiyar hatsi ne, wani yana karanta maka abin da aka rubuta a jikin buhu, wani kuma yana zura hannu ya gaya maka abin da ke ciki. Neman suna ma akwai nasa umarnin, find. Misali fayilolin da aka taɓa cikin kwana biyun nan:

find public_html -type f -mtime -2

Wannan shi ne abin da na sa ƙanina ya yi bayan ya canza kalmar sirri, don mu ga ko "injiniyan" nan ya taɓa wani abu. Kai ma duk ranar da shafinka ya fara tura mutane wani shafin caca, fara da wannan, sannan ka bi da:

grep -rl "base64_decode" public_html

Masu kutse suna yawan ɓoye rubutunsu da wannan. Amma a kula, wasu manhajoji na halal ma suna amfani da shi, don haka fitowar sunan fayil ba hukunci ba ne. Ka duba tukuna, kada ka hau gogewa.

Shafi ya nuna farin allo ko kuskure mai lamba 500? Kafin ka kira kowa, sabar ta riga ta rubuta abin da ke damunta. A cPanel sau da yawa akwai fayil mai suna error_log a cikin foldar shafin:

grep -i "fatal" public_html/error_log | tail -n 20

Wato nemo layukan babban kuskure, ka nuna min 20 na ƙarshe. In sabar taka ce kai kaɗai, irin ta Ubuntu, duba /var/log/apache2/error.log ko /var/log/nginx/error.log. Tsofaffin bayanan da aka matse, masu .gz a ƙarshe, zgrep ke karanta su ba sai ka warware ba.

Masu sabar Windows, ku ma ba ku da uzuri. Naku sunansa findstr:

findstr /s /i /n "kahu" *.csv

In kalmomi biyu ne da tazara a tsakani, ka sa /c: a gabansu, in ba haka ba zai nemi kowace kalma daban. In kuma rubutun yana da haruffa masu lanƙwasa, Select-String na PowerShell ya fi shi iya mu'amala da su.

INDA GREP BA YA KAIWA

Ba zan yi muku irin ta masu tallan maganin gargajiya a kasuwa ba, magani ɗaya ciwo arba'in. grep rubutu tsura yake karantawa: txt, csv, html, php da makamantansu. Fayil ɗin Word da Excel na zamani, masu docx da xlsx, a matse suke kamar zip, ba zai ga cikinsu kai tsaye ba. Ka ajiye na Excel a matsayin CSV sai ya karanta. PDF sai an juya shi zuwa rubutu da irin su pdftotext. Hoton takarda kuwa hoto ne, babu abin da zai gani. Sannan in shafinka WordPress ne, rubuce-rubucen da kuke wallafawa ba a fayil suke ba, suna cikin rumbun bayanai na MySQL, can za ka nema. Sanin wannan ma riba ce: in grep ya ce babu a fayil, ka huta da buɗe fayil, ka san inda za ka dosa.

Abu biyu kuma da ke kayar da masu waya. Allon rubutun wayarka yakan mayar da harafin farko babba, sai ka rubuta Grep, sabar ta ce ba ta san shi ba. Ƙananan haruffa ne. Sannan in ka kwafo umarni daga Facebook ko WhatsApp, wani lokaci alamar zance takan zo a lanƙwashe, sabar kuma miƙaƙƙiya take so. Goge ta ka rubuta da hannunka.

GWAJIN YAU

Ba sai kana da sabar ba. Shiga wurin lambobin wayarka ka fitar da su zuwa fayil ɗin vcf, ka ajiye a foldar Download. Buɗe Termux ka rubuta termux-setup-storage, ka ba ta izini. Sannan:

cd ~/storage/downloads
grep -c "BEGIN:VCARD" *.vcf

Zai gaya maka lamba nawa ke wayarka. Sai kuma:

grep -i -A 3 "kibiya" *.vcf

Zai fito da duk wanda ka ajiye sunansa da Kibiya a ciki, tare da layi uku na ƙasansa, inda lambar wayar takan kasance. Wallahi abin da ka yi yanzu shi ne dai abin da masu kula da manyan sabobin duniya suke yi kullum, girman fayil ne kawai ya bambanta.

Ɗalibanmu na reshen Kano Poly da ke Rano, da masu kafe, da masu POS da ke son ƙara sana'a, da ke 'yar uwa da ke riƙe da rajistar Islamiyya a waya, da ku nake. Ba na son na sake jin wani daga Kibiya ko Rano ko Bunkure ya ba baƙo kalmar sirri saboda neman layi ɗaya. In ka taɓa bayarwa, tashi ka canza ta yau, kafin ka kwanta.

Ƙanin nawa dai ya gyara layukan nan uku a daren, aikinsa yana nan. Kuɗin da iyaye suka tura tsohon asusu kuwa, har yanzu ana ta zirga-zirgar banki a kansu.

Wanda ya gwada ya maƙale, ya turo hoton allonsa mu duba tare, amma ya rufe lambobin mutane da adireshin sabar kafin ya turo. Ku tura wa wanda kuka san yana riƙe da shafin makaranta ko na ƙungiya. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.